Littafin Damben Unaisi

Ranar Laraba da hantsi Unaisi Vakaloloma ta buɗe akwatinta na ƙarfe a rumbun da ake koyon dambe a garin Labasa ta tarar littafinta ya yi ɓatan dabo. Wayarta ta biyu na nan, lambar zinarenta na nan, kwaɗo lafiya lau. Littafin kawai aka ɗauke, mai shuɗin bango, wanda likita da alƙali suka buga wa hatimi a duk karon da ta yi, karo ashirin da biyu. Hukumar dambe a Suva, babban birni, ba ta ba da lasisin ƙwararru sai da shi. Ranar Juma'a hukumar za ta zauna, ba kuma za ta sake zama ba sai bayan wata shida, ga damben Unaisi na farko a matsayin ƙwararriya saura mako uku. Motar da za ta kai ta bakin jirgin ruwa kuwa gobe da ƙarfe shida za ta tashi.

Sajan Torika Nawai ce ta zo daga ofishin 'yan sanda, mace mai jiki wadda ba ta gaggawa ko da gobara ake yi. Ta juya kwaɗon a hannu.

"Yaushe rabonki da shi?"

"Jiya da yamma, bayan motsa jiki."

"Ina kike ajiye makulli?"

"A ƙusar can, bayan buhun naushi. Kowa ya sani."

"Kuka kika yi?"

"Ban da lokacin kuka, Sajan. Ki nemo min kayana."

Mai horarwa, Masta Saimoni Raikabula, tsohon malamin makaranta da ya ɗauke ta tun tana shekara goma sha uku, ya fi kowa nuna ɓacin rai. Ya ce a binciki yayanta Epeli, wanda bai taɓa son damben nan ba. Yana magana Sajan na kallon ɗan ofishinsa ta ƙofa. A saman kabad akwai wani dogon ƙunshi naɗe da jarida, an ɗaure shi da jan zare. Ta gani, ta wuce.

Sajan ta sami Epeli a gonar rake, baƙi ƙirin da toka.

"An ce ka rantse ba za ta je Suva ba."

"Na rantse. Ta ji ni? Yarinyar da ta karya min haƙori tana aji shida?" Ya zaro takarda daga hularsa. "Ga tikitin jirginta, ni na saya. Kada ki faɗa mata, za ta raina ni."

Tun Litinin yake kwana a sansanin masu yankan rake, mutum tara suka shaida.

Saura Litia, wadda Unaisi ta doke sau huɗu a ajin kilo sittin. A shagon ɗinkin uwarta Sajan ta same ta.

"Kin tsane ta?"

"Kamar ciwon haƙori. Amma ki yi tunani, Sajan. In ta zama ƙwararriya, gurbinta a tawagar ƙasa nawa ne. Da zan iya, goya ta zan yi har Suva."

"In ke aka zaɓa, wa zai raka ki gasar tsibirai?"

"Mai horar da ni, na Savusavu. Haka dokar take, kowace da nata."

"Masta Saimoni fa?"

Litia ta yi dariya. "Ya zauna gida ya ji a rediyo, kamar yadda ya saba shekara talatin."

Daga nan Sajan ta wuce kasuwa, layin masu saiwar kava, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taron dattawa. Rumfa ɗaya ce ke ɗauri da jan zare, ta Inna Kamla, wadda bakinta bai san hutu ba.

"Masta? Ranar Litinin ya zo, 'yata. Na ce, Masta, ka bar cocinku ta masu ibadar Asabar ne? Ku da ko ƙanshin kava ba ku so? Ya ce ba ta sha ba ce, in zaɓo mai kyau, in naɗe ta yadda ake naɗe ta ban-haƙuri."

Ni mai ba ku labarin nan, wannan al'ada tamu ina sonta, ina kuma jin haushinta. Mutum ya yi maka ta'asa, ya zo gaban dattawanka ya zauna a tabarma ya miƙa saiwa, dattawa su tafa hannu su karɓa, magana ta mutu. Kai da aka cuta ba a ma tambayarka.

Da la'asar Sajan ta koma rumbun, ta sa aka kira Unaisi, ta sauko da ƙunshin da kanta ta ajiye a tebur.

"Masta, wa ka yi wa laifi?"

"Na wani taro ne."

"Wane taro? Cocinku ba ta taɓa kava. Inna Kamla ta ce ta ban-haƙuri ka nema, ranar Litinin. Ranar Litinin littafin nan yana cikin akwati, ba wanda aka yi wa komai. Ka sayi haƙurin kafin ka yi laifin." Ta ja kujera ta zauna. "Yayanta ba ya gari. Litia so take ta tafi. Mutum ɗaya ne zai yi asara in ta hau jirgi gobe. Ka shirya ka bari Juma'a ta wuce, ranar Lahadi ka je wurin mahaifinta da saiwa a hannu, littafi a aljihu. Ya karɓa, ni kuma a ce in rufe fayil."

Masta Saimoni ya miƙe. Sai ya ɗaga murfin akwatin magani, ya zaro littafin daga ƙarƙashin bandeji. Ya zame ya zauna dirshan a siminti, ya tura ƙunshin gaban ƙafar Unaisi. Abin tausayi ne, ban ɓoye ba, tsoho da furfura a ƙasa gaban yarinya.

"'Yata, shekara ɗaya kawai na so. Mu je gasar tare, sannan ki tafi. Can Suva fasa miki fuska za su yi."

"Fuskar wa?"

"Ni na koya miki tsayuwa."

"Kai ka koya min, Masta, ban manta ba." Ta karɓi littafin ta buɗe shi shafi-shafi, ta tabbatar duk suna nan. "Amma duk naushin da ke cikin nan ni na sha shi. Da ka roƙe ni da baki, wataƙila da na jira ka."

Sajan ta ce, "Ƙara ko yafiya, ke za ki faɗa."

Unaisi ta dubi saiwar. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake jira: ta sunkuya, ta taɓa, ta tafa hannu.

"Ba na ƙara. Saiwar kuma ya kai wa Baba, zai karɓa, su sha su tafa. Ni aka yi wa sata, ba Baba ba."

Ta cusa littafin cikin rigarta, ta zare makullin daga ƙusa, ta kewaye ƙunshin ta fita.

Bayan mako uku, ranar Asabar da rana, Sajan ta bi ta gaban rumbun. A rufe yake, ranar ibadar Masta ce. Amma ta cikin katako ta ji rediyo ƙasa-ƙasa, mai sharhi yana cewa 'yar Labasa ta kayar da abokiyar karawarta a turmi na huɗu. Ta kuma ji mutum ɗaya a ciki yana tafi shi kaɗai.