Ƙwayoyin da Linnea ta Binne a Ƙanƙara

Duk ajinsu babu mai kamo Linnea a lissafin minti ɗaya. Kowace Juma'a Malama Tollefson takan raba takarda mai tambayoyi arba'in, ta danna agogo. Kafin agogon ya yi ƙara, Linnea ta ajiye fensir tana kallon silin. Yara biyar da suka fi cin tambayoyi su ne za su je gasar lissafi ta garin Duluth. Linnea ta riga ta sa ranta a gasar nan.

Sai dai tana da wata damuwa. Haka kawai tsoro yakan taso mata. Gabanta ya yi ta faɗuwa, har ta kasa shiga motar makaranta. Likita Vang ta ce ciwon fargaba ne. Ta rubuta mata ƙwaya shuɗiya, ɗaya kowace safiya.

Maganin ya yi aiki, faɗuwar gaba ta tafi. Amma shi ma ya zo da nasa halin. Kan Linnea ya yi nauyi. Bakwai sau takwas ma sai ta tsaya tana lalube, kamar mai neman safa a tulin wanki.

Ran Juma'a ta ci ashirin da biyu kacal.

Ƙawarta Marisol ta leƙo takardar. "Ke, yau kunkuru kika ba aron fensirinki?"

"Barci ne bai ishe ni ba," in ji Linnea. Ta yi dariyar dole, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Nan fa wayon yara ya motsa. Ran Litinin Mama ta miƙa mata ƙwaya da kofin madara. Linnea ta maƙale ƙwayar a kumatu, ta shanye madarar. Da ta fita jiran mota, ta tofar da ita a tulin dusar ƙanƙara da ke gindin akwatin wasiƙu. Ta tura ta ciki da ƙafa. Kullum haka. Ranar da ba makaranta kuwa, sai ta ce za ta fita wasa.

Da farko kanta ya washe. A makon ta ci talatin da takwas, tana tafiya tana taƙama. Mako na biyu sai jiri da ciwon kai. Tsoron nan kuma ya dawo, har ya fi na da.

Juma'a ta zagayo. Malama ta danna agogo. Tsoron nan ya taso wa Linnea. Ko tambaya ɗaya ba ta amsa ba. Ta fashe da kuka, aka kai ta ɗakin nas. Mama ta zo ta ɗauke ta, ta yi tambayar duniya, Linnea ta ƙi faɗa mata gaskiya.

Washegari rana ta fito sosai, ƙanƙara ta fara narkewa. Mama ta je ɗauko wasiƙu. Ta daɗe ba ta dawo ba. Can sai ta leƙo.

"Linnea, sa takalminki ki zo."

Tulin ya zaizaye. Ga ɗigo-ɗigon shuɗi nan a jere, har goma sha biyu. Linnea ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

"Mene ne wannan, 'yata?"

"Mama, maganin nan yana toshe mini kai. Ina ganin lamba, amsar ta ƙi zuwa. Na ɗauka na zama daƙiƙiya ne."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Na ga kina murna na daina kuka da safe. Ban so in ɓata miki."

Mama ta durƙusa ta rungume ta. "Murnata ba ta kai lafiyarki ba. Kuma da karen maƙwabta ya tono su ya cinye fa?"

Linnea ta zaro ido. Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba.

Ran Litinin suka koma wurin Likita Vang. Likitar ta saurare ta har ta gama.

"Ba ki zama daƙiƙiya ba," ta ce. "Maganin yakan yi wa wasu yara haka. Da kin faɗa, da tuni mun gyara. Yanke shi farat ɗaya shi ya kawo miki jiri, kuma akwai haɗari a ciki."

Ta rage ƙarfin maganin, ta ce a riƙa sha bayan abincin yamma. Ta kuma rubuta wa makaranta wasiƙa.

Malama Tollefson ta karanta wasiƙar a gaban Linnea da Mama. "Daga yau minti biyu za ki samu. Za ki zauna a ɗakin karatu, inda ba ƙarar agogo."

"Malama, ba za a ce na yi maguɗi ba?"

"Marisol tana sa tabarau. Kin taɓa ganin na ce ta cire kafin jarrabawa?"

Linnea ta girgiza kai tana murmushi.

Bayan mako uku aka yi gwajin ƙarshe. Linnea ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta ci arba'in cif. Da aka haɗa makin duk makonni aka liƙa sunayen masu zuwa gasa, nata ne na uku.

"Ashe kunkurun nan ya iya lissafi," in ji Marisol, ta dafa kafaɗarta.

Da yamma Mama ta miƙo ƙwaya. Linnea ta haɗiye, ta buɗe baki ta nuna mata, suka yi dariya.

"Yau ya kan naki?"

"Da ɗan nauyi da safe, amma ya sake kafin tara. Ki gaya wa Likita."

Yara, in magani ya canja muku tunani ko jiki, kada ku ɓoye, kuma kada ku daina sha da kanku. Ku faɗa wa iyaye, su faɗa wa likita da malamai. Abin da aka sani shi ake iya gyarawa.