Abin da Aka Goge a Hoton Zulfa

Mariya na tankaɗe a tsakar gida, ana shirin kiran magariba, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin 'yarta Zulfa. Ta leƙa waje, ba kowa. Kafin ta dawo wani ya sake faɗowa. Kaji suka yi tsit.

Ta ɗaga labule. Zulfa na zaune inda ta saba zama tun rasuwar Maharazu, ta ƙura wa hoton bango ido. Maharazu direba ne ɗan Maraɗi, mai ɗauko kaya yana tsallakowa Jibiya. An sa ranarsu, motarsa ta kife da shi. Aure bai ɗauru ba, ko takaba ba ta hau kan Zulfa ba. Abin da ya rage mata shi ne hotunan kafin aure da ake yayi yanzu, waɗanda Zubair mai hoto ya ɗauke su a gindin wata tsamiya kusa da dam. Zubair ɗin ne ya zaɓi almuru, wai a lokacin haske ya fi kyau. Mariya ta hana, aka ce mata tsohon yayi.

"Zulfa, tashi ki yi alwala."

Yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dushe.

"Ina kunka kai shi?"

Daga ranar, kowace magariba haka. Duwatsu su zubo, Zulfa ta kankare gefen hoton da farce har yatsunta su yi jini, sannan ta yi wani kuka mai nauyi wanda ba nata ba. Da safe ba ta tuna komai. Ta daina cin abinci. Mariya ta ga 'yar tata na narkewa kamar sabulu a ruwa, ta aika ƙauyen Riko aka zo da Malam Lawwali.

Malam ya zauna bakin ƙofa ya kama karatu. Ya daɗe yana yi kafin jikin Zulfa ya sandare.

"Ke wace ce? Mi yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komi ba, Malam. A tsamiyar nan muke. Ranar da sunka zo da farin faifansu mai walƙiya, ɗana ya fito kallo, ya tsaya gefen angon. Na ga hasken ya kama shi. Bai kai damina ba ya rasu." Muryar ta karye. "Mu ba mu da hoto. Na biyo su in gan shi, na tarad da an share wurin."

Mariya ta zaci mugunta za ta ji, sai ta ji uwa.

Aka kira Zubair, ya zo. Ya ce lallai ya ga wani duhu-duhu a gefen kafaɗar ango, ya goge. "Inna, haka ake yi yanzu. Kowa so yake a wanke shi, a gyara fata. Amma na asalin yana nan cikin waya."

"A bar ni in riƙa zuwa kowace magariba in gan shi," in ji muryar.

"A'a. Jikin nan ba naki ba ne, zalunci ne," in ji Malam. "Ki gani sau ɗaya, ki yi rantsuwa, ki tafi."

"Sau ɗaya, Malam? Kana da ɗiya?"

Mariya ce ta matso. "Baiwar Allah, naki ya tafi. Kar ki tafi mini da tawa."

Can muryar ta rantse da Allah. Zubair ya miƙa wayar. Mariya ba ta ga komai a gefen ba sai ɗan hazo, bai wuce tsawon yaro ba. Amma idanun Zulfa suka tsaya a kansa, hawaye na zuba, bakinta na kiran wani suna da ba wanda ya iya riƙewa. Sai ta yi atishawa, ta sulale.

Da ta farfaɗo, wayar na hannunta. Ta duba. Ga Maharazu baƙi kamar yadda Allah ya yi shi, da zanen gidansu a kumatu, da tabon da ƙofar mota ta yi masa a goshi. A hoton bango duk an goge waɗannan, an bar wani farin saurayi mai sulɓin fuska.

"Inna," ta ce da muryarta ta gaskiya, "wannan ne shi. Kullum ina duba wancan, ina nemansa, ban gan shi ba."

Ta kifa kai a cinyar uwarta ta fashe da kuka. Mariya ba ta rarrashe ta ba. Wannan kukan na 'yarta ne, ta san shi.