Sati Uku a Kan Fuskar Ummu

"Mama, don Allah kar a shafa mata..."

Maganar da ta fito daga bakin Juwairiyya ke nan, ranar da aka kawo ta gaida uwar wanda za ta aura. Ina zaune a falon da kofin shayi a hannu, sai da na ajiye shi a ƙasa.

Kowa ya san abin da ake so ga yarinya a irin wannan rana. Ta zauna a kan tabarma, ta ja mayafi, ta amsa gaisuwa da muryar da sai an kasa kunne, ta ƙi taɓa abinci, ta tafi. Haka kuwa ta yi kusan awa guda, har na fara cewa a raina Muktar ya iya zaɓe.

Uwar Muktar ƙanwata ce, Batulu. Shekara ashirin da biyu tana gyaran jikin amare a Mararaba. Dilka, halawa, turaren jiki, haɗin mai, babu wanda ba ta ƙware a kai ba. Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta biyu bayan rasuwar ubansu, da ita Muktar ya koyi aikin sola har ya buɗe shago. Ni kuwa tsohon direban tifa ne, ni ne babban da ya rage musu a kusa, don haka duk abin da ya taso a gidan sai an kira ni.

Autarta Ummukulthum, da muke kira Ummu, shekararta goma sha biyar. Shekara biyu ke nan fuskarta na ba ta wahala. Kumatu da gefen ido su bushe, su yi ƙaiƙayi, ta sosa har su tsage. Batulu ta ce ƙyasbi ne. Ta dirje ta da soso da sabulun salo, ta bi da lemon tsami da kurkum, sannan ta shafa mata haɗinta, wanda take matse wasu mayukan kasuwa a ciki. Kwana uku fuska ta yi lumui, sai kuma abin ya dawo ya fi na da. Yarinya ta koma zuwa makaranta da takunkumin fuska, alhali kowa ya daɗe da jefar da nasa.

To ranar nan Batulu ta kira Ummu a gaban baƙi, ta buɗe robar haɗin, ta lakato da yatsa biyu. Ina jin so take surukarta ta ga gidan da za ta shigo. Shi ne Juwairiyya ta yi magana.

"Me kika ce?" in ji Batulu.

"Na ce a yi haƙuri, Mama. Fatar a buɗe take... zai ci ta."

Goggonta da ta rako ta ta mintsine ta a cinya, ina gani. Muktar na bakin ƙofa kamar an dasa shi.

Batulu ta yi 'yar dariya. "Amare nawa kika taɓa gyarawa?"

"Ko ɗaya, Mama."

"A kemis aka ce kina aiki, ko? Miƙo fanadol, miƙo canji."

"Haka ne, Mama. Kuma na ga aikinki a jikin ƙawata, babu mai kama ki. Amma fatar amarya lafiyarta ƙalau. Wannan ciwo ne."

Na san Batulu tun tana rarrafe. Idan ta yi ihu, abin da sauƙi. Ranar nan a hankali ta rufe robar, ta goge yatsunta a gefen zane. Ta ce ta ba Juwairiyya sati uku, ita ba za ta sa wa Ummu komai ba. In fuska ta gyaru, a sa ranar aure. In ba ta gyaru ba, Juwairiyya ta nemi ɗan wata, nata ba zai kawo mata wadda za ta koya mata sana'arta a cikin ɗakinta ba.

Muktar ne ya ja mota muka mayar da su unguwarsu, Durumi. Goslo ya riƙe mu a gadar Mararaba, goggon tana ta faɗa har ta gaji. Sai ya duba madubi.

"Juwai... ki kira ta ki ba ta haƙuri kawai. Bayan biki sai mu lallaɓa ta."

"Bayan biki wata nawa ne, Muktar?"

"Kamar huɗu."

"Fuskar za ta jira mu?"

Ya buga sitiyari da tafin hannu. "Ke wai kina sona kuwa?"

Na ɗauka kunyata za ta hana ta amsawa. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ina sonka har tsoro yake ba ni. Amma in na shiga gidanku da bakina a rufe a kan wannan, kullum na kalli Ummu sai na ji kunyar kaina. Ba na so in zauna da kai a haka, rabin raina."

Na yi shekara talatin ina yawo a titi, na ga masu faɗar gaskiya da yawa. Galibinsu suna faɗa ne lokacin da ba abin da za su rasa.

Abu na farko da ya burge ni, Juwairiyya ba ta ce ita likita ce ba. Ta ce sai an kai Ummu wurin likitan fata. Batulu ta ce ƙafarta ba za ta je ba, don haka ni na raka su. Likitar ta duba, ta ce ekzima ce. Ba ƙyasbi ba ne, ba ƙazanta ba ce, ba kuma a ɗauka. Fata ce marar ƙarfi da ba ta riƙe danshi, abu kaɗan ke tayar mata da hankali. Ta rubuta wani man magani na 'yan kwanaki, ta kuma yi mana gargaɗi cewa fatar ta saba da mayukan nan na kasuwa, in an janye su sai ta yi bore kafin ta kwanta.

Daga nan muka wuce kantin da Juwairiyya take aiki a Durumi. Ummu ta nufi kwalaben da ke da hoton farar mace da furanni. Juwairiyya ta ɗauko ɗaya, ta juya bayanta tana karantawa, ta mayar. Ta ɗauko wata, ta buɗe, ta miƙo min.

"Kawu, shinshina."

Na ce kai, wannan ai kamar ɗakin amarya.

"To shi ya sa ba za mu saya ba."

Haka ta yi ta yi. Mai ƙamshi, a'a. Mai ɓurɓushin tsakuwa a ciki na dirzar fuska, a'a. Mai kumfa da yawa, mai sa fata ta yi ƙarau bayan wanki, a'a. Duk wanda aka rubuta yana sa haske, ko taɓa shi ba ta yi. Na ce to me ya rage a kantin? Ta ce kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ake so. Muka fito da abu uku: abin wanke fuska mai laushi marar kumfa, mai mai kauri da ba ya warin komai, da na kare rana na masu fata irin tata. Ko su ɗin ma ba ta yarda a kai fuska ba. Ta ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannun Ummu, ta ce a jira kwana biyu a gani.

Ta koya mata wanki da ruwa mai ɗan ɗumi, da tafin hannu, ba soso. A danna tawul a hankali, kar a goga. A shafa mai tun fata na da danshi, safe da yamma. In zufa ta zubo a hanyar makaranta, a ɗauraye da ruwa. A yanke farce. Ni da nake ganin wanke fuska ba ya buƙatar malami, na tsaya ina kallo kamar ɗan koyo.

Sati na farko abin ya tashi kamar yadda likita ta faɗa. Fuska ta kumbura, ta yi zafi, tana ɓarewa. Batulu ta ɗauki hoto ta tura wa Muktar, ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba. Ya yi kwana biyu bai kira Juwairiyya ba. Ita kuwa kullum ta tashi aiki sai ta hau bas ta ratsa goslon nan ta zo. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Batulu ta gaishe ta, ba a amsa ba, ta miƙe ta shiga wurin Ummu. Gobe ma haka.

A sati na uku, saura kwana huɗu, ƙaiƙayi ya ragu sosai, tsagewar ta rufe. Amma fuskar ta yi duhu, ga tabo nan da can. Na kalla na san Batulu ba za ta kira wannan gyara ba.

Ba zan ɓoye ba, ni na kawo shawarar. Na tara Muktar da Juwairiyya da Ummu a barandar gidan lokacin da Batulu ta tafi gidan wata amarya. Na ce ga roba can a kan madubi, kowa ya san kwana uku take yi fuska ta yi fes. A shafa yau, ranar Asabar a nuna, a sa rana, daga baya a ci gaba da na likita. Wa aka cuta?

Muktar ya kawar da kai gefe. Ummu ce ta kama hannun Juwairiyya tana hawaye.

"Anti, ki yarda... ni zan shafa da kaina. Na saba da zafin. Kar a fasa saboda ni."

Juwairiyya ta share mata ido da gefen mayafinta, a hankali, ba ta goga ba.

"Kwana goma sha bakwai kika yi kina haƙuri, Ummu. Ba zan sayi aurena da su ba." Ta juyo gare ni. "Kawu, ka yi haƙuri. In an yi haka Mama za ta ɗauka nawa ne ya yi aiki alhali nata ne, ranar da ta gane kuma ba za ta sake yarda da ni a kan komai ba. Ummu kuma ta koma farko."

Na ce to in kin rasa yaron nan fa?

Ta kalli Muktar, idonta ya ciko. "Sai in yi kuka, Kawu."

Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba. Muktar ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko robar, ya kai ta cikin kayan aikin uwarsa ya rufe. Da ya dawo ya ce mata, "Ki yafe min kwana biyun nan, masoyiyata." Ta ce ta yafe tun kafin ya tambaya.

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna. Batulu ta sa Ummu a gabanta, ta kalle ta daga nesa.

"Ta yi baƙi."

"Launinta ne ya dawo, Mama. Tabon zai ɗauki watanni," in ji Juwairiyya.

"Ya warke?"

Na yi ta yi mata ido ta ce e. Ko kallona ba ta yi ba.

"Kwanciya ya yi, Mama. Irin wannan yana iya tashi in zafi ya yi yawa ko aka sake kula. Amma yanzu mun san abin da za a yi."

"Ke nan ba ta gyaru ba."

"Yadda kike nufi... ba ta gyaru ba."

Juwairiyya ta ce ta gode da damar da aka ba ta, ta roƙi a yafe mata rashin kunyar da ta yi ranar farko, ta roƙi kuma a bar Ummu ta ci gaba da abin da take yi. Ta miƙe tana neman takalminta. Muktar ya ce, "Mama..." Batulu ta ɗaga masa yatsa ta dakatar da shi.

Ta miƙa hannu ta kama haɓar Ummu don ta juya fuskar wajen taga, ta nuna mana tabon da kyau. Sai ta tsaya. Ta sa tafinta a kuncin yarinyar, ta shafa da babban yatsa, irin yadda take gwada fatar amare. Ummu ba ta motsa ba. Kwantar da kuncinta ma ta yi a cikin tafin, ta lumshe ido.

"Yaya," in ji Batulu, muryarta ta canza, "ka ga ba ta janye ba..."

Ummu ta ce, "Ai babu komai a hannunki yau, Mama."

Sai a lokacin na lura, ita ma a lokacin ta lura. Shekara biyu, duk sanda hannun uwar nan ya nufi fuskar 'yarta, da abin da zai yi mata raɗaɗi yake zuwa. Yarinya ta koyi kauce wa uwarta ko ruwa za ta miƙa mata, mu kuma muna cewa ƙuruciya ce.

Batulu ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Ranar da aka binne mijinta ma sai da kowa ya watse. Ranar nan hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba.

Juwairiyya ta riga ta kai bakin ƙofa.

"Ke, ina za ki?"

"Gida, Mama."

"Wa ya sallame ki? Dawo ki zauna. Ba can ba, nan kusa da ni." Ta ja hanci. "Bakinki ya yi tsawo, wannan kam sai na yi aiki a kansa. Amma ba ki yi min ƙarya ba, ko da kika ga za ki faɗi."

Juwairiyya ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwar Batulu ta fashe da kuka. Muktar ya juya mana baya yana kallon bango, wai wayar sola yake dubawa.

"Yaya, ka kira mutanen Durumi," in ji Batulu. "Ka ce su zaɓi rana, kar ta yi nisa."

Na fita baranda na yi wayar. Da na dawo na same su yadda na bar su. Har aka kira magariba muka tashi alwala, hannun Batulu na kan kuncin 'yarta, Ummu kuma ta ƙi ɗagawa.