Koren Haske a Ƙofar Ƙasimu

A birnin Umdurman, Ƙasimu mai gyaran rediyo da 'yarsa Tasnim sun kwana tara ba wutar lantarki. A jikin ƙofarsu ya liƙa wata 'yar na'ura mai jin motsi. Ba ta da batir. Wani akwati a ɗaki ke aiko mata wuta ta iska, ba waya. Tun da aka ɗauke wuta akwatin ya mutu, ita ma ta mutu.

Bayan isha'i, kafin Ƙasimu ya dawo daga masallaci, aka ƙwanƙwasa.

"'Yata, buɗe mini. Ƙishirwa nake ji."

Muryar dattijo ce, amma tana shuu kamar rediyon da bai kama tasha ba. Tasnim ta dafa sakata. Ƙarfen ya yi ɗumi, gashin hannunta ya mimmiƙe.

"Ya Hajji, daga ina?"

"Daga nan kusa. Buɗe mana."

Sai na'urar ta kawo koren haske. Duk numfashin da dattijon ya ja, hasken sai ya ƙaru.

Tasnim ta janye hannunta a hankali. Ta gane cewa daga jikin mai ƙwanƙwasawa wutar take fitowa.