Shirun Ɗakin Baya

Injiniya, mai gyaran sauti a kwamfuta, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa duk muryar aljanin da aka taɓa ji aikin ɗan Adam ce. A ba shi tari guda, in ji shi, zai kaurara shi, ya ja shi, ya sa masa amsa-kuwwa, sai liman ya gudu ya bar takalmi.

Ɗakin baya yake so ya mai da wurin aiki, ƙanin matarsa kuwa ya yi wata bakwai a ciki, ba alamar tashi. Kunya ta hana shi kora. Ran nan ya shiga da makirfo ya ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, yadda masu sana'ar kan yi in za su tace hayaniya. Da ya ƙara wa shirun ƙarfi, sai ya ji wani abu can ƙasa, yana shiga yana fita. Ya ce iska ce. Ya yanko wurin, ya ɗora muryarsa a kai, ya kaurara, ya ɓoye 'yar lasifika a cikin silin.

Magariba uku muryar tana cewa a bar mata ɗakinta. Ƙanin matar ya kwaso katifarsa zuwa falo, Injiniya na taya shi salati, dariya na cin sa.

Magariba ta huɗu bai kunna komai ba. Matarsa na kwashe shanya, tsakuwa ta faɗo a kan rufi. Wata ta biyo. Sannan gidan ya yi tsit. 'Yarsu mai shekara goma sha biyu tana tsaye a ƙofar ɗakin baya. Uwar ta kira ta. Leɓɓan yarinyar suka motsa, ba sauti. Sai da ta rufe baki amsar ta fito daga bango, sau uku, kowace ta fi ta baya nisa.

Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Injiniya ya lallaɓa ya cire lasifikar.

Da la'asar sakaliya aka kawo wani tsohon malami, maƙwabta suka cika tsakar gida. Ya daɗe yana karatu kafin wuyan yarinyar ya sandare, wata murya mai nauyi ta fito.

"An ɗebe mini numfashi. Shekara arba'in ina ɗakin nan ban taɓa kowa ba. An yanka shi, an sa ni na faɗi abin da ban faɗa ba."

Malam ya tambayi wanda ya yi. Muryar ta ce ya san kansa. Malam ya ce za a bar mata ɗakin har abada, ta ƙi. A mayar mata da abinta yadda aka ɗauka, ba komai a kai, kafin rana ta faɗi. In ba haka ba, muryar yarinyar ta tafi ke nan.

Rana ta taɓa katanga. Injiniya ya dubi 'yarsa, ya miƙe ya ɗauko kwamfutar. Ya kunna, mata suka ja da baya. Ya cire amsa-kuwwar. Ya cire kaurin. Sai ga muryarsa tsirara, siririya, wadda duk unguwar ta sani, tana cewa a bar masa ɗakinsa.

Ya kashe ta. Numfashin kaɗai ya rage, yana shiga yana fita, har ya ɗauke. Yarinyar ta sulale a cinyar uwarta.

"Umma, ruwa."

Ba wanda ya motsa sai uwar. Ƙanin matar ya dubi Injiniya a hankali.

"Yaya, da ka ce in tashi, ai da na tashi."