Rabin Kofin Shayi

Tana tsaye tana goge farar rigar aikinta, mijinta ya leƙo da jakar kayan gyaran wuta a kafaɗa.

"Dakta, yau ma sai kin makara!"

"Injiniya, ka daina jawo mini bakin mutane," ta ce tana harararsa da wasa. "Ni ko nas ban kai ba, mataimakiya ce. In yi wa marar lafiya wanka, in juya shi, in canza zanin gado, in auna zafin jiki, abin da na gani in kai wa Sista, babbar nas ɗinmu. Shi ke nan."

"Ni ma ai ƙwan fitila kawai nake ɗaurawa kike ce mini injiniya!"

Suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin kwana biyar ke nan rabon gidan da walwala. Mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka kwantar da shi a ɗakin maza na asibitin da take aiki. Watanta takwas da aure, har yanzu Amarya kowa ke ce mata, kuma surukarta Umma ta riƙe ta kamar 'yar da ta haifa.

A tsakar gida ta tarar da Umma zaune da filas a gabanta.

"Amarya, ko ɗigon ruwa fa bai wuce maƙogwaronsa ba tun da ya kwanta. Mutumin da shekara arba'in bai taɓa fita bai sha shayina ba."

Ta durƙusa. "Umma, yana samun abinci ta robar hanci. Maƙogwaron ne bai farfaɗo ba tukuna. Duk abin da aka zuba masa ta baki, huhu zai wuce. Ki ƙara haƙuri."

"To," in ji Umma.

Wannan "to" ɗin ya bi Amarya har cikin mota.

Gadon Baba ne na ƙarshe, kusa da taga. A saman kansa an manna takarda da jan rubutu: KADA A BA SHI KOMAI TA BAKI. Tun safe take kansa da sauran marasa lafiya bakwai. Ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta shafa masa mai a baya da dugadugai, duk bayan awa biyu ta juya shi ta tokare shi da filo don kada fatar ta yi gyambo. Kunyar suruki ta ajiye ta a bakin ƙofa tun ranar farko. Shi kuwa sai dai ya bi ta da ido.

Ƙarfe huɗu aka buɗe ƙofa ga masu dubiya. Umma ta shigo, Yaya Babba na biye da ita. Shi ne wan mijinta, wanda in ya yi magana a gidan ba mai tari. Amarya ta gaishe su, ta ja labule ta shiga wajen gado na uku inda wani tsoho ya ɓata shimfiɗarsa.

Ba ta yi minti goma ba ta ji tari. Ba irin tarin da ta saba ji ba, wannan jiƙaƙƙe ne, kamar ana busa iska a cikin ruwa. Ta yar da safar hannu ta fito a guje.

Baba na kwance rigingine, idanu a waje, ƙirji na sama da ƙasa, leɓɓansa sun soma yin duhu. Gefen filon ya jiƙe, ƙamshin shayi da madara na tashi. Umma ta maƙale a bango tana tura wani abu ƙarƙashin mayafi.

"Innalillahi! Umma, kin ba shi?"

"Da ido ya roƙe ni, Amarya... kaɗan ne, rabin kofi..."

Amarya ta danna ƙararrawa, ta ɗaga kan gadon, ta mirgina shi gefe, ta share masa baki. Sai ta ji muryar Yaya Babba a kunnenta, ƙasa-ƙasa.

"Ke! Ba ki ga komai ba. Kin ji ni? Ba ki ga komai ba!"

Sista ta shigo da sauri. Doguwa ce, ba ta da wasa a kan aiki. Ta dubi Baba sau ɗaya.

"Me ya faru? An ba shi wani abu?"

"Ba a ba shi komai ba," Yaya Babba ya riga kowa. "Haka kawai ya fara."

"Ba kai na tambaya ba. Ke nake tambaya!"

Amarya ta ɗago kai. Ga idon Yaya kamar garwashi. Ga Umma tana girgiza mata kai, hawaye na zuba. A daidai lokacin kuma mijinta ya iso bakin ƙofa da jakarsa. Amma a ƙarƙashin tafin hannunta ƙirjin Baba na gurnani, kuma ta san abin da aka koya mata tun makon farko: wanda ya ɓoye wa nas abin da ya gani, ya ɗaure mata hannu.

"Shayi ne da madara, Sista. Kamar rabin kofi. Bai fi minti biyu ba."

"Ku kawo injin zuƙa! Oksijin! A kira likita!" Sista ta juyo. "Wa ya ba shi?"

"Ita ke kula da shi," in ji Yaya Babba. "Mu yanzu muka zo."

"Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Sista."

Filas ɗin ya suɓuce daga mayafin Umma ya daki ƙasa, ya gangara har ƙarƙashin gado. Sista ta nuna ƙofa.

"Duk ku fita. Daga yau ba mai shigowa sai da izinina."

Da yamma Amarya ta dawo gida ta tarar da su a falo. Umma na ɗaki a kwance, hawan jininta ya tashi. Yaya Babba ko amsa sallamarta bai yi ba.

"Sannu, mai gaskiya! Kin tozarta uwarmu a gaban duniya, hankalinki ya kwanta? In Baba ya cika, me za a ce? A ce matarsa ce ta kashe shi! Kin san ba za ta rayu da wannan ba."

"Yaya, wallahi ba don..."

"Rufe mini baki! Gobe ki je ki ce ke ce kika yi kuskure. Ke ma'aikaciya ce, iyaka a yi miki faɗa. In ba haka ba, gidan nan ya yi mana kaɗan." Ya juya ga ƙaninsa. "Kai kuma ka zaɓa: wadda ta haife ka, ko wadda ka tsinta bara."

Mijinta ya sunkuyar da kai kamar ruwa ya ci shi. Wannan shirun ya fi ihun Yaya yi mata ciwo.

A ɗaki ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana murza yatsu.

"Don Allah, ki taimake ni. Magana ɗaya ce fa. Ki ce kin manta."

"Ba faɗa za a yi mini ba, kora ta za a yi, kuma babu asibitin da zai sake ɗauka ta," ta ce. "Wannan ma duk mai sauƙi ne. In na ce ni ce, za a buɗe ƙofa, kowa ya zo da kofinsa, tun da ai laifin ma'aikaciya ne ba na shayi ba. Karo na biyu kuwa Baba ba zai tashi ba. Ina son Umma kamar raina, amma ba zan yi wa Baba ƙarya a kansa ba."

"Ko da aurenmu ne?"

Ta dube shi, hawaye ya ɓalle. "Kada ka sa ni amsa wannan."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari zazzaɓi ya rufe Baba. Likita ya ce madarar ta taɓa huhu, sai an yi kwana uku kafin a san inda aka dosa. Sista ta ja Amarya gefe.

"In mayar da ke ɗakin mata? Ba dole ba ne ki ɗauki wannan."

"Ki bar ni, Sista. In ba na ganinsa, tsoron ya fi yawa."

Haka ta yini. Ta sa agogo a gaba tana ƙirga numfashinsa: talatin da biyu a minti, ta rubuta, ta kai. Ta shafe masa goshi da tsumma mai sanyi, ta duba fitsarin da ya taru a leda, ta juya shi a kan lokaci. Duk sa'ad da ƙirjinsa ya ɗan jinkirta tashi sai nata numfashin ya tsaya. In wayarta ta yi ƙara a aljihu gabanta ya faɗi, ta ɗauka saƙon saki ne. A gida ba mai amsa gaisuwarta. Matar Yaya ma in ta hango ta sai ta janye 'ya'yanta. Mijinta yana fita da sassafe, in ya dawo ba ya haɗa ido da ita.

Rana ta uku da hantsi ta fito zubar da ruwan wanka, ta tarar da Umma zaune ita kaɗai a bencin bakin ɗakin, ta rame kamar ta yi wata tana jinya. Amarya ta so ta koma da baya, Umma ta miƙo hannu.

"Zo, 'yata. Faɗa mini gaskiya, tun da ke kaɗai ke faɗa. Na kashe shi?"

Ta durƙusa ta riƙe hannun. "Yana numfashi, Umma. Ba ki kashe shi ba. So ne ya sa ki, kowa ya sani."

"Leɓɓansa ne, Amarya. Sun bushe sun tsage. Na kasa kallo."

Amarya ta tashi ta je ta roƙi Sista, har da rantsuwa cewa ba za ta matsa ko taku ɗaya ba. Sista ta yi tsaki, ta ce minti biyar. A bakin gadon Amarya ta tsoma auduga a ruwa, ta matse ta sosai, ta damƙa wa Umma.

"A kan leɓe kawai, a hankali. Kin gani? Wannan ba zai cuce shi ba."

Umma ta shafa. Baba ya buɗe ido ya dubi matarsa, yatsun hannunsa na hagu suka motsa suka kama bakin mayafinta. Umma ta toshe baki don kada kukanta ya fito.

Da suka fito, hayaniya suka tarar a baranda. Yaya Babba ne da mijinta, kuma muryar mijinta ce a sama, abin da ba ta taɓa ji ba.

"Yaya, ka yi haƙuri, ba zan sake ta ba! Kwana biyu ina zuwa taga ina kallon abin da take yi wa Baba. Ni da kai ba wanda zai iya rabinsa. Ko Baba ya tashi ko bai tashi ba, matata ce, kuma gaskiya ta faɗa. Ni ne na ji tsoro."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ni ma zan faɗa maka," in ji Umma daga bayansu. "Ni na ba shi, da hannun nan. Yarinyar nan ta gargaɗe ni tun a gida na ƙi ji. Kana son rufa mini asiri da mutuncin 'yar mutane? Ban haife ka don wannan ba."

Yaya Babba ya ja da baya. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suka soma rawa. Sai a lokacin Amarya ta gane shi ma tsoro ne ke cinsa tun farko, irin na babban ɗa da ke ganin zai rasa uwa da uba a mako guda.

Mijinta ya matso, idonsa ja. "Sori. Na bar ki ke kaɗai a lokacin da bai kamata ba."

"Kwana biyu ban yi barci ba saboda kai," ta ce tana share fuska. "Sai ka biya ni."

"Har abada ma."

Zazzaɓin bai sauka ba sai rana ta biyar. Bayan mako uku likita ya gwada haɗiyar Baba, ya yarda a fara ba shi abinci mai kauri. Amarya ta zaunar da shi tsaf, ta tokare bayansa, ta nuna wa Umma yadda za ta ɗebi rabin cokali, ta jira ya haɗiye, ta duba bakin kafin ta ƙara. Yaya Babba ne ya riƙe kwanon. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, amma ranar da aka sallami Baba, a gaban kowa ya ce, "Duk abin da Amarya ta ce a yi a kan jinyar nan, shi za a yi. Har da ni."

Jinya amana ce, kuma marar lafiyar da ba ya iya magana ba shi da baki sai na mai kula da shi. Da Amarya ta sayi zaman lafiyar kwana ɗaya da ƙarya, da ta rasa suruki, ta rasa aiki, ta rasa darajarta a idon mijin da take gudun rasawa. Ta faɗi gaskiya, ta yi haƙuri da abin da ya biyo baya, Allah kuwa bai bar ta ta kunyata ba.