Bargon Jaririn Yaya Zinariya

A garin Gagarawa akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana da kirki, amma akwai ta da gaggawa. In za a aike ta, kafin a gama magana ta kai zaure.

Kakarta kuwa gwanar ɗinkin bargo ce, irin na hannu. Takan karɓo ƙyallayen atamfa a wajen teloli, ta yanka, ta harhaɗa su. Sai ta shimfiɗa zane a ƙasa, ta baza auduga a kai, ta rufe da ƙyallayen nan. Duk jaririn da aka haifa a zuri'arta sai ta yi masa nasa. Idonta ya fara rauni, amma wa ya isa ya faɗa a gabanta?

Ana nan sai Yaya Zinariya, yayar Auta da ke aure a Ɗanzomo, ta haifi ɗa namiji. Kaka ta duƙufa. Ta kewaye bakin bargon da shuɗin yadi da Baba ya sayo a kasuwar Maigatari. Ta ninke kowace kusurwa tsaf, ta ɗinke. Abin gwanin sha'awa.

Saura ƙulli. Shi ne ke riƙe auduga kada ta motsa. Akan sa zare mai kauri a basilla, wato babbar allura. A soka daga sama har ta ɓullo ƙasa, a dawo da ita sama, sannan a ƙulle.

Kaka ta gama ƙullin gefe ke nan aka aiko cewa maƙwabciyarta ba ta da lafiya. Ta ɗauki mayafi za ta dubiya, ta miƙa wa Auta basilla.

"Ƙawata, ƙarasa mini tsakiyar nan," in ji ta. "Ki soka har ƙasa. In ba ki ji tsinin a yatsanki ta ƙasa ba, bai ratsa ba."

Auta ta ce to. Ta fara da zafinta. Ashe aikin ba wasa ba ne. Audugar da kauri, basilla sai an danna da ƙarfi. Nan da nan babban yatsanta ya yi ja. Ga Rahama, ƙawarta, tana ta kiranta ta katanga, wai ta zo a yi carafke.

Sai wata dabara ta faɗo mata. Ta tsinci ƙyallen sama kawai da bakin basilla, ta zura zare, ta ƙulle. Ta duba. Wallahi daidai yake da na Kaka, ba mai bambancewa. Ai kuwa ta bi tsakiyar bargon kaf da irin wannan ƙulli, ta ninke shi, ta fice da gudu.

Da Kaka ta dawo ta shafa bargon, ta ji ƙulli reras. Ta yi ta sa wa Auta albarka. Auta ta ji wani iri a ranta, amma ta share.

Ana gobe suna, da sassafe, Umma ta ɗauko bargon za ta wanke. Haka Kaka ke so, ba ta ba jariri abin da ba a wanke ba. Umma ta jiƙa, ta cuɗa, ta ɗauraye. Tana ɗaga shi za ta shanya, sai ta tsaya cak.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Auta ta fito daga ɗaki da gudu. Ta zuba wa bargon ido. Audugar tsakiya duk ta zame ta taru a gefe ɗaya, ta dunƙule kamar an cusa kabewa a ciki. Tsakiyar kuwa fayau, ƙyalle biyu kawai ke lilo. Bargon da jiya kowa ke yabo ya koma abin tausayi.

Baba ya fito ya tsaya yana kallo. Auta ta raɓe a jikin bango. Ita a tunaninta zare zare ne. Ba ta taɓa zaton ruwa zai tona mata asiri ba.

Kaka ta zo tana dogara sanda. Ta lalubi ƙulli ɗaya a tsakiya, ta ja. Ƙyallen sama ya taso shi kaɗai. Ta ja wani, shi ma haka. Ta ɗan juyo wajen da Auta take tsaye, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ni ce," in ji Kaka. "Idona ne ya yaudare ni."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Kaka ta san komai, amma ta ɗauki laifin.

Baba ya rage murya. Ya ce dama ya daɗe yana so ta huta da ɗinkin nan, kada wata rana ta soke hannunta. Ya ce zai hau babur ya je Gumel ya sayo bargon kanti. Sannan ya ce wa Umma ta ɗauke kwandon ɗinkin ta ajiye.

Umma ta ɗauki kwandon, da basilla da zare da almakashi, ta ɗora a saman kabad. Kaka ta koma gefe. Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗora hannuwanta a cinya. Auta ba ta taɓa ganin hannuwan nan babu abin yi ba. Tsoro da kunya suka kama ta. In ta yi shiru, Kaka ta bar ɗinki ke nan har abada.

Baba ya kama babur zai fita. Auta ta sha gabansa, ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, ba Kaka ba ce. Ni ce. Ni ta bar wa tsakiyar, na ƙulle sama kawai don in tafi wasa."

Umma ta dafe ƙirji. "Ke Auta? Kina tsaye ana ɗora wa tsohuwa laifinki?"

Baba ya kafe babur, ya je ya duba gefen bargon. Duk inda Kaka ta ƙulle, auduga na nan daram. Ya daɗe yana kallo, sannan ya je ya durƙusa ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Ya tambaye ta me ya sa ta rufa wa yarinyar asiri.

Kaka ta ce, "Jira nake in ga ko ƙawata za ta bari a ƙwace mini allura."

Baba ya ce wa Auta ta yi laifi, amma ta kyauta da ta faɗi gaskiya. Hukuncinta shi ne gyara. Rannan 'yan matan gidan suka tafi ƙunshin lallen suna, ban da ita.

Umma ta sauko da kwandon da kanta. Aka baza bargon a rana. Kaka ta farke bakin gefe ɗaya, suka zaro audugar, suka shanya, suka tsettsefe ta har ta yi laushi. Wajen mayarwa kuwa, hannun kowa ya ƙi kaiwa lungu sai na Auta. Ta zura har kafaɗa, tana bazawa a hankali.

Sannan aka zo ƙulli. Ta soka, ta ji tsini a yatsanta, ta dawo da basilla, ta ƙulle. Yatsa ya yi zafi, ba ta tsaya ba. Kaka na gefe tana mayar da shuɗin baki, tana tsokanarta wai yau gaggawa ta tafi unguwa. Kafin magariba aka gama.

Washegari suka tafi Ɗanzomo. Jariri ya ci suna Bilal. Yaya Zinariya ta shimfiɗa bargon ta kwantar da shi, mata suka yi ta yabo. Nan take wata ƙanwar mijinta mai tsohon ciki ta ce ita ma a sa ta a layi.

Kaka ta yi dariya, ta kama hannun Auta ta ɗaga. "Sai ki roƙi wannan. Yanzu mu biyu ne masu ɗinkin."

Daga ranar Auta ta gane cewa aikin ha'inci ba ya ɓoyuwa, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi yake cutarwa. In an ba ka aiki, ka yi shi da gaskiya, ko ana kallonka ko ba a kallonka. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka, kada ka bari wani ya ɗauki laifinka.